Sunan da ke bakin minda: ta ina ake fara neman mai ita?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Kwanan nan na fara tara tsofaffin lambobin yabo na soja. Na sayi guda uku a hannun mutum ɗaya. Biyu zagayayyu ne, ɗaya ta azurfa, ɗaya ta tagulla mai ƙyalle launin bakan gizo, kuma a bakin kowacce an buga lamba da suna da wasu haruffa. Ta ukun tauraro ce ta Yaƙin Duniya na Biyu, babu rubutu ko kaɗan a bayanta. Mai sayarwa ya ce duk na mutum ɗaya ne, wai ya yi yaƙin Somme, aka ji masa rauni, daga baya kuma ya sake shiga yaƙi na biyu. Ta yaya zan tabbatar da wannan labari, kuma ina zan fara neman tarihin mutumin?"

Wa alaikumus salam. Malam, tambayarka guda uku ce a dunƙule, kuma in ba a warware su ba, mutum sai ya share wata da watanni yana bin sawun wanda ba shi ba ne. Ta farko, ƙarfen da ke hannunka na gaske ne? Ta biyu, rubutun da ke bakinsa shi ne na asali da hukuma ta buga, ko wani ne ya goge ya sake? Ta uku, mutumin da za ka ci karo da shi a takarda shi ne mai wannan minda, ko takwaransa ne? Labarin mai sayarwa kuwa a ƙarshen layi yake. Ban ce ƙarya ya yi maka ba, don sau da yawa shi ma haka aka faɗa masa. Amma a wannan harka, labarin da babu takarda a bayansa ba ya ƙara wa minda komai.

Abin da ke hannunka

Yadda ka kwatanta su, zagayayyun biyu na Birtaniya ne na Yaƙin Duniya na Farko. Ta azurfar ita ce British War Medal, mai kan Sarki George V a gaba da mahayin doki a baya. Ta tagullar mai bakan gizo ita ce Victory Medal. An raba ta azurfar wajen miliyan 6.5, saboda haka ba yawanta ba ne abin nema, sunan da ke bakinta ne. Turawan Ingila sun daɗe da al'adar buga sunan soja a bakin minda, tun daga ta yaƙin Waterloo na 1815, kuma wannan al'ada ce ta sa mindodinsu suka fi na kowa daɗin bincike.

Akwai abin da rashin minda ma yake faɗa. Sojan da ya isa fagen daga kafin ƙarshen Disamba 1915 ana ba shi tauraro na tagulla, ko dai 1914 Star ko 1914-15 Star, kuma shi wannan tauraro yana da suna a baya. Tunda babu shi a cikin naka, ko dai mutuminka bai fita ba sai daga 1916, ko kuwa tauraron ya ɓata a hanya. An gwabza a Somme, a arewacin Faransa, daga 1 ga Yuli zuwa tsakiyar Nuwamba 1916, don haka rashin tauraron bai ƙaryata labarin ba. Bai kuma gaskata shi ba.

Tauraron da aka haɗa maka da su shi ne mai matsala. A yaƙi na biyu gwamnatin Birtaniya ta raba wa sojojinta mindodi babu suna. Sunan yana jikin ɗan kwalin da aka aiko su ta gidan waya, kuma da zarar kwalin ya tafi, shi ke nan. Ostareliya da Afirka ta Kudu da Indiya sun buga sunaye a nasu, amma na Birtaniya fayau suke. Duk mai son ƙara wa kayansa armashi yana iya ɗauko tauraro marar suna ya jera shi kusa da masu suna. Zan dawo kansa.

Ka fara da bakin mindar

Kafin ka buɗe kwamfuta, ka nemi gilashin ƙara girma da fitila. Ka riƙe mindar a tsaye, hasken ya zo ta gefe, kana juya ta a hankali. Na Yaƙin Farko da inji aka danna haruffan, manyan baƙaƙe ne, zurfinsu ɗaya. Harafin da aka danna yana tura ƙarfe gefe, sai ka ga bakinsa ya ɗan taso. Wanda aka sassaƙa da hannu kuwa cire ƙarfen aka yi, cikinsa tsini ne kamar kwari, kuma ƙarshen kowane layi yana sirancewa. Ni inda na fi tsayawa shi ne wajen da rubutu ya fara da inda ya ƙare. In an goge tsohon suna da magagari, bakin yakan rame a daidai wurin rubutun, ya bar sauran da kaurinsa, wani lokaci ma sai ka hango inuwar tsohon harafi tsakanin sababbi. Faɗin ta azurfar milimita 36 ne. Ka auna ta daga sama zuwa ƙasa, ka sake aunawa a karkace. Bambanci kaɗan ya isa ya sa ka shakka.

Sai dai kada ka ɗauka duk gyara ha'inci ne. Hukuma da kanta takan gyara harafi ɗaya ko biyu in an yi kuskure, kuma akwai tsofaffin mindodi, musamman waɗanda aka raba a Indiya, da sassaƙar hannu ce rubutunsu na asali. Kowace minda da irin rubutunta, kuma ba a koyon wannan sai da yawan kallo. Abu ɗaya da zan roƙe ka: kada ka goge su da man goge ƙarfe. Duhun da azurfa ta yi ba datti ba ne, kuma guga yana cinye haruffan da kake son karantawa.

Ka kwafe rubutun daidai yadda yake, har da ɗigo. Tsarin shi ne lamba, muƙami, harafin farkon suna, sunan iyali, sai runduna. PTE farabiti ne, CPL kofur, SJT saje, GNR mai harba igwa, DVR mai kora dawaki ko mota. R.F.A. rundunar igwa ce, A.S.C. masu jigilar kaya, R.A.M.C. ma'aikatan jinya. In babu lamba sam, sai muƙami da suna, galibi hafsa ne.

Lambar soja ba ta mutum ɗaya ba ce

Nan ne sababbin shiga suka fi faɗawa rami. Kafin 1920 sojan Birtaniya ba shi da lambar da ta keɓanta da shi a duk faɗin rundunar ƙasa. Kowace rajimanti da nata jerin, wani lokaci ma bataliyoyin rajimanti ɗaya kowacce da nata. Ana iya samun mutane da dama masu lamba ɗaya. In an mayar da soja wata rajimanti, sai a ba shi sabuwa. A 1917 kuma aka sake wa sojojin Territorial Force, wato rundunar 'yan sa-kai ta Birtaniya, lambobi masu alƙaluma shida. Ke nan mutum ɗaya na iya zama da lamba biyu ko uku, lamba ɗaya kuma na iya zama ta mutum biyar. Ƙa'idata ita ce sai suna da lamba da runduna sun dace gaba ɗaya kafin in ce na samu mutumin. Biyu cikin uku ba su isa ba, komai kyawun labarin da suka kai ni gare shi. Na sha ganin masu tarawa sun rubuta shafuka a kan wani da ya mutu a fagen fama, alhali mai mindar wani ne daban mai irin sunan, wanda ya koma gida lafiya ya tsufa.

Ƙofar farko ita ce katin minda. Ma'adanar takardun gwamnatin Birtaniya da ke Kew, a Landan, tana da su a jerin WO 372, sama da kati miliyan 5, kuma ana iya nemansu ta intanet. Katin ɗan ƙarami ne: suna, muƙami, rundunonin da ya zauna da lambobinsa, mindodin da ya cancanta. In yana da tauraro, za ka ga ranar da ya fara taka fagen daga. A nan take za ka san ko biyun da ke hannunka su ke nan, ko akwai ta uku da ta ɓace.

Mutane da yawa a katin suke tsayawa, kuma asara ce. Katin manuniya ce kawai zuwa babban rajistan rabon mindodi, WO 329, wanda sau da yawa shi yake faɗin bataliyar da mutum ya zauna. Bataliya ita ce mabuɗin komai. Rajimanti ɗaya takan kai bataliya ashirin ko fiye a lokacin yaƙin, wata tana Faransa, wata Gallipoli, wata Mesopotamiya, wata ba ta ma bar Ingila ba. Sanin rajimanti kaɗai ba zai gaya maka ko ya je Somme ba.

Da ka samu bataliyar, sai ka nufi littafin yau da kullum na yaƙi, WO 95, inda wani hafsa yake rubuta inda suka kwana, inda suka tashi, harin da aka kai, da yawan waɗanda aka rasa. Yawanci da fensir ne, a gaggauce. Kada ka sa ran ganin sunan farabiti a ciki. Hafsoshi ake ambata da suna, sauran kuwa a ce mutum kaza sun mutu, kaza sun ji rauni. Abin da littafin zai ba ka shi ne inda bataliyar take a rana kaza. Ko shi mutuminka yana tare da su ranar, ko yana asibiti, ko hutu, ko kwas, wannan sai wata takardar.

Wata takardar ita ce fayil ɗinsa na aiki, kuma a nan sai an yi sa'a. A Satumba 1940 bam ya faɗa kan ma'ajiyar Ma'aikatar Yaƙi da ke titin Arnside a Landan, wuta ta cinye kusan kashi biyu cikin uku na fayilolin ƙananan sojoji. Abin da aka tsamo shi ne WO 363, da yawansu da ƙonannen baki da tabon ruwa. Akwai kuma WO 364, waɗanda aka tattaro daga takardun fansho. In naka ya tsira, za ka ga shekarunsa, tsayinsa, sana'arsa, sunan matarsa ko uwarsa, ranar da ya shiga jirgi, har laifin da ya yi aka yanke masa albashin kwana uku. Na sojan ruwa da na sama sun fi tsira, suna ADM 188 da AIR 79. Ostareliya da Kanada kuwa sun ɗora fayilolin sojojinsu na Yaƙin Farko a intanet kyauta.

Batun rauni

Ko fayil ya ƙone, ana iya bin sawun rauni ta wasu hanyoyi. Tun daga Satumba 1916 ake ba sojan da aka sallama saboda rauni ko ciwo wata alamar azurfa, Silver War Badge, kuma rajistanta yana nuna ranar shiga, ranar sallama, da ko rauni ne ko ciwo. Jaridun lokacin suna buga jerin waɗanda suka ji rauni da suna da lamba, amma ka tuna jerin yakan fito makonni bayan abin ya faru, don haka sai ka koma baya a littafin bataliya ka ga wane artabu ne ya dace. Jaridun ƙananan garuruwa sun fi manya amfani, su ne suke buga wasiƙar da soja ya aiko wa iyayensa, wani lokaci har da hoto. Akwai katunan fansho da ƙungiyar Western Front Association ta ceto. In an kama shi fursuna, kwamitin Red Cross na duniya da ke Geneva ya ɗora katunan fursunonin wancan yaƙi a intanet. In kuma ya rasu a bakin aiki, hukumar kaburburan yaƙi ta ƙasashen Commonwealth tana da sunayen mutum miliyan 1.7 na yaƙoƙin biyu.

Lambar jarumta daban ce. Ana shelanta ta a London Gazette, jaridar sanarwar gwamnatin Birtaniya. Bayanin abin da mutum ya yi ya samu Distinguished Conduct Medal yana fitowa a can, amma Military Medal, wadda aka ƙirƙiro a 1916, galibi suna kawai ake bugawa. In mai sayarwa ya karanto maka dogon bayanin jarumtar mai Military Medal, ka tambaye shi daga ina.

In ba ta Birtaniya ba ce

Aikina ya fi karkata ga na Birtaniya, amma tunda tarawa ka fara, za ka ci karo da wasu. Na Amurka da yawa ba su da suna, kuma su ma wuta ta yi musu ɓarna: gobarar 12 ga Yuli 1973 a cibiyar ajiye fayilolin soja da ke St. Louis ta hallaka fayil miliyan 16 zuwa 18, ciki har da kusan kashi 80 cikin ɗari na sojojin ƙasa da aka sallama tsakanin 1912 da 1960. Iron Cross ta Jamus ba ta da suna sam. In babu takardar shaidar bayarwa, ƙarfe ne kawai, kuma jabunta sun cika kasuwa. Ma'adanar rundunar Prussia da ke Potsdam ta ƙone a Afrilu 1945, na Bavaria dai sun tsira a Munich. Faransa tana da rumbun Léonore na waɗanda suka samu Légion d'honneur, da Mémoire des hommes na waɗanda suka mutu.

Na Tarayyar Sobiyet su ne suka fi ba ni sha'awa. Babu suna, amma manyan lambobin yabonsu irin su Jan Tauraro suna da lamba a baya, kuma wannan lamba tana kaiwa ga katin mai ita a ma'adanar soja da ke Podolsk, tare da takardar da kwamandansa ya rubuta abin da ya yi. Sai dai ka kula da doka. Rasha ta hana cinikin lambobin yabon gwamnati da fitar da su waje, Amurka kuma ta hana sayar da Medal of Honor.

Akwai kuma waɗanda tun asali ba a damu da rubuta su da kyau ba. An buga British War Medal ta tagulla, kimanin 110,000, aka raba wa 'yan ƙwadago daga Sin da Malta da Indiya da wasu wurare, kuma na 'yan Sin lamba ce kawai a bakinsu, babu suna. Sojojin Afirka kuwa magatakarda Bature ne yake rubuta sunansu yadda kunnensa ya ji, sau da yawa ya liƙa musu sunan gari ko na ƙabila a matsayin sunan iyali. Alhaji Grunshi na rajimantin Gold Coast (Ghana ta yau), wanda ake cewa shi ya fara harba bindiga a ɓangaren Birtaniya a Togo cikin Agusta 1914, sunan ƙabila ne a bayan sunansa. A irin wannan, ka gwada kowane irin rubutu da sunan zai iya ɗauka, kuma ka fi dogara da lamba da runduna. A 2021 ita kanta hukumar kaburburan ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙin Farko, galibinsu 'yan Afirka da Masar, ba a sa sunansu a kabari ko allon tunawa ba. In ka bi irin wannan minda hanya ta ƙare, ba gazawarka ba ce.

Koma kan tauraron

Ka yi ɗan lissafi. Wanda ya yi yaƙi a 1916 yana ɗan shekara ashirin, a 1939 yana da 43. Ba abin da ba zai yiwu ba ne ya sake fita, amma akasarin irinsu dakarun tsaron gida suka shiga, wato Home Guard da aka kafa a 1940, kuma abin da ake ba su Defence Medal ce, zagayayya, ba tauraro ba. Tauraro na wanda ya yi aiki a fagen daga ne, kuma duk mai tauraro ya cancanci War Medal ta 1939-1945 tare da shi. Tauraro shi kaɗai kusa da na Yaƙin Farko biyu, wannan jeri bai cika ba.

Hanyar tabbatarwa ɗaya ce. Wanda ya ci gaba da aikin soja bayan 1920, fayil ɗinsa ya zauna a hannun Ma'aikatar Tsaro, kuma a 'yan shekarun nan ana ta kwashe waɗannan fayiloli zuwa Kew. Ana iya neman kwafi, amma sai da cikakken suna da ranar haihuwa, wani lokaci har da shaidar rasuwa, kuma ana jira. Saboda haka sai ka fara gano cikakken sunansa daga katin minda, ka bi shi ta ƙidayar 1911 da ta 1921 da rajistar jama'a ta 1939, wadda take da ranar haihuwa da sana'a. In ka same shi a rajistar 1939 da alamar naƙasa, ko ka ga an sallame shi a 1917 babu ƙafa ɗaya, ka san matsayin tauraron.

Yayin da kake wannan aiki, ka riƙa rubuta abin da ka samu gida biyu: abin da takarda ta faɗa tare da lambar takardar, da abin da kai ka yi hasashe. "Bataliyarsa tana Somme a Yuli 1916" magana ce daban da "ya yi yaƙin Somme", kuma wanda zai gaji mindodin daga hannunka ba zai iya bambance su ba in ka cakuɗa. Zagayayyun biyu kada ka raba su ko da za ka sayar, domin mindodin mutum ɗaya in suka watse da wuya su sake haɗuwa. Tauraron kuwa ka sa shi a ambulan dabam, ka rubuta a jiki daga wa ka saya, yaushe, da abin da ya ce, har ranar da fayil ɗin zai iso.